Moctar da Hotunan Mahaifinsa

Moctar ɗan unguwar Zongo ne, a nan Kwatano aka haife shi, a bayan shagon ɗaukar hoto na mahaifinsa, Alhaji Kassoum. Tun yana yaro ya fi son buɗe cikin kyamara a kan ɗaukar hoto da ita. Da ya gama lakwal, wato makarantar boko, sai ya karanci kwamfuta, ya dawo unguwa yana gyara ta mutane, yana kuma rubuta wa masu motocin kaya ƙananan manhajoji. Mutum ne mai sanyin magana, amma ba ya iya jira. Ko shayi aka ɗora masa, sai ya buɗe murfin buta ya leƙa.

Bayan rasuwar Alhaji, aka ba shi shagon da duk tarkacen da ke ciki. A ƙarƙashin teburi ya tarar da akwatunan nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa. Hotunan suna ne, da na aure, da na masu dawowa daga Makka, Alhaji ya jera su shekara bayan shekara. Damshin bakin teku ya riga ya fara cin su, duk sun yi ɗigo-ɗigo.

Moctar ya kwashe watanni yana shigar da su kwamfuta. Daga nan ya rubuta manhajar da za ta goge ɗigon. Aikinta zagaye ne kawai: ta ɗauki hoto, ta share, ta ajiye, ta koma ta ɗauki na gaba, har su ƙare. Ya danna, ta fara. Allon ya yi shiru, babu abin da ke motsi sai fankar kwamfutar da ke huci.

Ya je sallar azahar ya dawo, shiru. La'asar ma haka. Ya ce a ransa lallai ta maƙale, ya kashe ta, ya sake tayarwa daga farko. Washegari ma haka ya yi.

Matarsa Lubabatu, wadda ke sayar da atamfa a kasuwar Missèbo, ta biyo ta shagon da yamma, ta sauka daga kan zemijan, wato babur ɗin haya, tana gyara mayafi.

"Baban Hauwa, ina aikin ya kai?"

"Yana tafiya."

"Ya yi rabi?"

Ya dubi allon, ya dube ta. "Wallahi ban sani ba. Ban ma san ko yana tafiyar ba."

Da ta wuce gida ya buɗe wurin ajiyar, ya ga ashe manhajar lafiyarta ƙalau, aiki take yi duk lokacin da yake kashe ta. Sai ya ƙara mata 'yan layuka. Duk hoton da ta gama, ta nuna nawa aka yi, nawa suka rage, wani koren layi kuma yana tsawo a hankali daga hagu zuwa dama. Ya sa ta riƙa tuna inda ta tsaya, saboda ɗaukewar wuta. Ya sa ta ƙiyasta lokacin da ya rage, ko da yake ƙiyasin ba shi da tabbas: in ta faɗa kan hotunan taron biki masu fuskoki da yawa, sai ta rage gudu, lokacin ya ƙaru. A ƙarshe ya sa hoton da take kai ya riƙa fitowa a gefe, don ya ga ko tana sharewa da kyau.

Wani direba, Fataou, ya kawo gyaran waya, ya tsaya yana kallon allon. Can ya yi salati.

"Moctar, wannan ai kakana ne! Tsayar da shi!"

"Ba a tsayarwa, amma an ajiye. Zan ba ka."

Kafin mako ya zagayo, labari ya bazu a unguwa. Moctar ya juya allon ya fuskanci ƙofa, ya fito da benci. Tsofaffi kan zauna bayan la'asar suna kiran sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa, wani lokaci su yi gardama a kan wane ne wane.

Hajiya Lantana, maƙwabciyarsu da ƙafa ta yi wa nauyi, ta aiko a kira shi. Mijinta ya rasu ba ta da hotonsa ko ɗaya, amma ta tuna Alhaji ya ɗauke shi shekarar da ya sayi babbar motarsa.

"Ɗana, yaushe za ta zo kansa? Ba zan iya zaman benci kullum ba."

Moctar ya dubi shekarar da manhajar ke ciki da irin gudun da take yi. "Hajiya, ki zo ranar Laraba da hantsi. In ta yi nawa, Alhamis."

Manhajar kuwa ta yi nawa. Ranar Laraba Hajiya ta zauna har rana ta take, ta koma gida. Ranar Alhamis Moctar ya kawo mata kujera mai jingina. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani siririn mutum ya fito a allon, ya dafa ƙofar mota, hularsa a karkace. Ɗigon ya ɓace daga fuskarsa.

"Shi ne," in ji ta. "Ashe haka yake da rama."

Hoton ya wuce, na gaba ya shigo. Ta ƙara zama kaɗan tana kallon na wasu, sannan ta ce a kama mata hannu ta tashi.

Da aikin ya kammala, Moctar ya wanke hotuna ya rarraba wa masu su. Har yanzu yana shagon. Wasu fuskokin ba a samu wanda ya san su ba, ya manna su a bango kusa da ƙofa, masu wucewa sukan tsaya su duba.