Zuwa Yamai Neman Ɗakin Littattafan da Ba a Kulle Ba

Asabar: Maraɗi zuwa Dogondutsi

Da ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gidanmu a Maraɗi, riƙe da jaka biyu, ɗaya ta tufafi, ɗaya ta takardu. Ta takardun sau uku na buɗe ta kafin in kai tasha, don in tabbata katin shaida da takardar lanho, wato haraji, da izinin tafiya suna ciki. A zamanin soja mutum kan iya mantawa da takalminsa, amma ban da waɗannan.

Ga dalilin tafiyar. Bayan na gama jami'a na fara koyarwa, sai na shiga wani bincike a kan ɗakunan littattafai na makarantu da malaman da aka ɗora wa kula da su. Na zaga makarantun yankinmu, ko'ina abu ɗaya na tarar: kabad, kwaɗo, makulli a aljihun darekta. A ganina ba mugunta ba ce. Duk littafin da ya yage ko ya ɓace, malamin da ke riƙe da ɗakin ake tuhuma, to wa zai ba da aro? Malamin da ke duba aikina a Yamai ya rubuto mini cewa: "Lawali, wannan ba bincike ba ne, tarihin kwaɗo ne. Ka nemo ɗaki ko guda da yara ke karanta littattafansa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba sai baɗi." Sai wani abokina ya ce ya ji labarin wata malama a wani kwaleji a Yamai da ke ba da aro. Bai ganta ba, ji ya yi. A kan wannan jin na kama hanya.

Motarmu Fijo ce mai tanti, mu goma sha shida, in ban yi kuskuren ƙirga ba. Kuɗin mota jika uku da rabi, wato sefa dubu uku da ɗari biyar. Mun tashi ƙarfe shida da minti goma. Hagu da dama gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, muna ta karo da manyan motoci ɗauke da dawar taimako, da makiyaya masu kora ragowar shanu zuwa kudu. Wani tsoho a gefena ya dinga kiran sunan garuruwa yana faɗin yadda suke da albarka a da.

A shingen Madawa jandarma ya juya takardata, ya ce, "Mushe," wato malam a Faransanci, "binciken me?"

"Ɗakunan littattafai, ranka ya daɗe."

"Me ka gano?"

"To, akasari dai a kulle suke."

"Madalla! Ba za a sace ba ke nan." Ya miƙo mini takardar yana murna.

Mun ci shinkafa da wake a Birnin Ƙonni da ƙarfe ɗaya, kusan kilomita ɗari biyu da arba'in daga gida. Taya ta fashe mana sau biyu, saboda haka sai magariba muka shiga Dogondutsi, direba ya ce nan za a kwana. Na shimfiɗa tabarma a rumfar tasha, na yi matashi da jakar takardu.

Lahadi: Dogondutsi zuwa Yamai

Mun tashi bayan sallar asuba, muka wuce Dosso wajen ƙarfe tara, muka shiga Yamai da azahar bayan shinge huɗu. Na sauka gidan kawuna Isufu, mai sayar da yadi, kusa da Gaweye, inda ake hango gada. Kogi ya ja baya ƙwarai, har yara na ƙwallo a inda kawu ya ce kwale-kwale ke bi a da. Matarsa, Inna Haisa, ta kawo mini dambu da kopto, wato kwaɗon zogale irin na Zabarmawa, ta tsaya a kaina.

"Ci, ɗana. Wannan ramar taka, fari ne ko boko?"

Na ce wataƙila duka biyun.

Litinin: wajen Bobiyel

Kwalejin yana can arewa, wajen Bobiyel, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Taksi ya ajiye ni inda kwalta ta tsaya, na taka sauran da ƙafa, minti ashirin. Don gudun latti na isa ƙarfe bakwai da kwata. Na sa kwat ɗina mai toka-toka, na tsaya bakin ƙofa ina duba agogo, ina rubuta lokaci a ɗan littafina, kamar yadda na saba a kowace makaranta. Ban lura ba a lokacin, amma malaman da suka zo bayana har da gudu suka shiga.

Darekta, wani Bazabarme mai furfura, ya karɓi takardata da hannu biyu, ya daɗe yana kallon hatimin ma'aikatar ilimi. Na ce ina son ganin ɗakin littattafai da malamar da ke riƙe da shi.

"Yau? Ayya, yau makullin... Gobe da ƙarfe takwas, ranka ya daɗe. Za ka tarar da komai daidai."

Na yi mamakin dattijo kamarsa yana ce mini ranka ya daɗe, amma na ɗauka ladabin mutanen birni ne.

Talata: ɗakin littattafai

Ƙarfe takwas daidai aka buɗe mini. An share, an yayyafa ruwa, kanta uku cike da littattafai a jere kamar sojoji, ga sabon kwaɗo yana ƙyalli. Malamar, bari in kira ta Madam Rabi, ko da yake ba sunanta ke nan ba, ta tsaya a gefe ta haɗe hannu.

"Madam, kina ba da aro?"

"A'a. Komai yana nan, ana iya ƙirgawa."

"Yara suna shigowa?"

"Sai dai su leƙa ta taga."

 Kwana biyu a hanya, ga ƙarshen wata saura kwana tara, na zo na tarar da wani kwaɗon. Don kada in fita haka nan, na zaro littafi guda. Sai na ji ya kumbura, bangonsa takardar buhun siminti ce, an manna da ƙaro, an ɗinke gindinsa da zaren saƙa. Na kai shi hanci. Warin hayaƙin icce. Na zaro na biyu, ga tabon man ƙuli-ƙuli a shafi. Na uku yashi ne ya zubo daga cikinsa.

Na daɗe ina shawara da zuciyata, don ba na son in ƙaryata babba. Daga baya na ce, "Madam, a gafarce ni, mai yiwuwa ni ne ban fahimta ba. Amma na shinshina littattafan kabad da yawa, warinsu na gara ne da ƙura. Waɗannan kuwa kamar sun kwana kusa da murhu."

Ta dubi darekta, darekta ya dubi rufin ɗaki.

"In za a cire a albashi, a cire a nawa," in ji ta. "Darekta bai sani ba."

"Wa zai cire? Ni ɗalibi ne. In ban samu ɗakin da ake ba da aro ba, ni za a kayar."

Darekta ya matso ya ƙura wa fuskata ido, ya ga zanen da ke kumatuna, sai ya ɓarke da wasan nan na Zabarmawa da Gobirawa, inda kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa. "Kai! Ba sufeto ba ne? Bagobiri ne ma! Bawana ne ya hana ni barci! To me ya sa ka tsaya bakin ƙofa da agogo?"

"Tsoron latti, Baba."

"Tsoronka ya sa malamin lissafi ya yar da kokonsa a hanya!"

Ashe tun jiya, da na juya baya, aka bi aji-aji aka karɓe duk littafin da ke hannun yara, wasu har gida aka aike su, aka sayo kwaɗo a kasuwa. Madam Rabi ta yi dariya har ta zauna a kan benci. Sannan ta bayyana mini tsarinta. Ba ta ba yaro sabon littafi sai ya tsaya gaban ƴan ajinsu ya ba da labarin wanda ya maido, da Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci, duk wanda ya fi masa sauƙi. Wanda ya yaga shi zai ɗinke, ranar Asabar, da allurarta. Ta ce yaran da iyayensu suka gudo wa fari suka kafa bukkoki bayan makaranta su ne suka fi naci, don da yamma sukan karanta wa manya.

Na roƙi in gani da idona. Aka buga ƙarfen shan iska da ƙarfe goma, darekta da kansa ya cire kwaɗon ya jefa a aljihu. Kafin in gyara alƙalamina layi ya kai gindin darbejiya. Wata ɗaliba ta tsaya a gaba tana huci: "Madam, saura shafi goma fa aka ƙwace mini! Ban san ko ya mutu ba!" Madam ta ce, "Ga wanda ya jawo, tambaye shi." Na ba ta haƙuri a gaban jama'a. Na rubuta shafi goma sha ɗaya kafin azahar. Abu ɗaya Madam ta nema, kada in sa sunanta ko na makarantar, don sufeton gaskiya yana nan tafe wata rana. Na yi alkawari.

Laraba da Alhamis: komawa gida

Da safe na kai wa malamina abin da na rubuta. Ya karanta a tsaye, ya ce, "To, yanzu ka yi bincike. Amma wannan 'wataƙila' da ka zuba a kowane layi, rage rabi." Na ce wataƙila zan iya. Ya kore ni da dariya, bayan ya sa hannu.

Inna Haisa ta cika mini ƙwarya da busasshen kifi, kawu ya raka ni tasha ƙarfe sha ɗaya. Muka kwana a Ƙonni, muka shiga Maraɗi ranar Alhamis da ƙarfe biyu da rabi, na tarar da kowa lafiya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa kawu da Inna, da Baba darekta, duk da har yanzu yana aiko mini cewa in zo in ɗauke masa kaya. Madam kuwa, a takardata an rubuta ta "wata malama", kuma haka za ta zauna har ranar da za a daina tuhumar malami don littafi ya tsufa a hannun yara. Allah ya kawo ranar, ya kuma ba mu damina mai albarka.