Mutumin da Ya Buɗe Bakin Matar Mai Fito

Kafin ƙarfe shida na safe Malam Pei Shunlai ya shanye kunun geronsa a tsaye, ya ɗaure jakar takardu a bayan keke, ya fice. Matarsa Suqin ta ce shekara talatin da huɗu ba ta taɓa ganin ya ƙarasa cin abinci a zaune ba. A rubuce, aikinsa shi ne tsaron ɗakin ajiyar takardu na ƙungiyar wasan kwaikwayon gundumarmu, aikin da aka yi domin mai son zama. Amma in ka je nemansa, kujera kawai za ka tarar, sai shayin da ya huce. Shi yana can ƙauye yana bin tsofaffin 'yan wasa gida-gida.

Masu ƙungiyoyin wasa na dā ba sa ba ɗan wasa labari cikakke, don kada ya tsere da shi wata ƙungiyar. Kowa nasa kason ake rubuta masa, tare da 'yan kalmomin ƙarshe na wanda zai yi magana kafin shi, wanda bai iya karatu ba kuwa a ka yake riƙe nasa. Da ƙungiyoyin suka watse, wasannin suka watse tare da su. Sai ka iske maganganun sarki a ƙasan akwatin wata tsohuwa, na ɓarawo kuma a kan wani dattijo mai kiwon awaki a bayan tsauni. Haka Malam Pei ya bi su ɗaya-ɗaya har ya haɗa wasa goma sha ɗaya. Yau ana nazarinsu a jami'o'i, ana samun digiri da su, sunansa kuwa yana can ƙarshen shafin godiya, in an tuna.

Na goma sha biyun ne ya hana shi sukuni. Sunansa Matar Mai Fito. Wani attajiri ya nutse a kogi, aka gurfanar da mai fito gaban alƙali. Malam Pei ya samo kason alƙali, ya samo na mai fito, amma bai ga na matar mai fiton ba, sai ga shi a babin ƙarshe tana tsaye a fili ba ta cewa uffan. Dakta Hao, wata haziƙar malamar adabi da za ta fitar da wasan a littafi, ta rubuta shafi arba'in a kan wannan shirun. Ta ce shi ne zuciyar wasan baki ɗaya.

"Dakta, wannan ba shiru ba ne, rami ne," in ji Malam Pei, yana kai da komowa a ofishinta. "Duba nan. Alƙali ya ce, 'Ya isa haka, mace.' Wa yake ce wa ya isa, in ba ta ce komai ba?"

"Kallonta ne ya fi ƙarfinsa, Malam. Ai nan gwanintar marubucin take."

"Ni dai na daɗe a duniya, ban taɓa jin an ce wa ido ya yi shiru ba."

"To kawo min takardar. In babu takarda, ranar ashirin ga wata littafi zai tafi ɗab'i yadda yake. Kuma don Allah ka zauna, kana sa ni jiri."

Ba laifinta ba ne, abin da ke kan takarda take karantawa. Takarda kuwa babu. Mutum ɗaya ta rage a raye cikin waɗanda suka taɓa fitowa a matar mai fito, Goggo Jinfeng, mai shekara tamanin da bakwai. Sau tara ya je wurinta. Kowane zuwa sai ya zaunar da ita, ya ajiye rikoda a gabanta, ya ce ta fara. Sai ta zuba wa rikodar ido ta ce ta manta. Ba ƙarya take yi ba, ya ga yadda leɓenta ke motsi babu abin da ke fitowa.

Kwana ya yi ta ƙarewa, mutumin nan ya rame kamar sandar rake. Suqin ta gaji ta ce masa, "Kai da za ka yi ritaya nan da sati uku, matar mai fiton nan ƙanwarka ce?"

"In aka buga ta bebiya, bebiya za ta zauna har abada. Yara su haddace, su rubuta a jarrabawa, Goggo kuma ta tafi da maganar a ciki."

A kan keke abin ya faɗo masa. Goggo ba ta taɓa koyon kasonta daga farko zuwa ƙarshe ba. Kowace magana tata a rataye take da ƙarshen maganar mai fito, mai fiton kuwa mijinta ne yake fitowa a shi, kuma ya daɗe da rasuwa. Ba wanda zai ce mata ta fara ta iya farawa, sai an ba ta abin da za ta amsa.

Da waƙa ake yin wasannin nan, shi kuwa Malam Pei bai taɓa rera ko baiti ɗaya a rayuwarsa ba, muryarsa kamar ƙyauren da ya yi tsatsa. Kwana takwas ya yi yana haddace kason mai fito, a kan hanya, a layin mai taliya, har maƙwabta suka fara yi wa Suqin jaje. A rana ta tara ya shiga tsakar gidan Goggo, ya same ta tana shanya magarya. Bai ko gaishe ta ba. Ya kunna rikoda a aljihu, ya zube a kan gwiwoyinsa yadda mai fito ke yi gaban alƙali, ya ɗaga murya. Maƙwabtanta da suka leƙo ta kan katanga su suka ba mu labarin.

"Akuyar wa ake yankawa a gidana?" in ji Goggo. "Pei, tashi, ka girmi wannan abin kunyar."

Bai tashi ba. Ya ci gaba har ya kai inda mai fito ke cewa ruwa ne kaɗai shaidarsa.

"Ba haka mijina yake jan wurin ba. Kai ko kunne ba ka da shi? Sake."

Ya sake. Ta ce ya ƙara. A karo na uku sai ta ajiye kwandon, ta gyara tsayuwa, ta tako gaba ta amsa. Ashe matar mai fito ita ce ke tsare alƙali da tambaya, wa ya loda wa jirgi gishiri har ya wuce ƙa'ida, wa ya tilasta a ƙetare kogi ya cika. Baiti sittin da biyu ne. Kwana huɗu suka yi yana durƙushe yana ba ta tana amsawa, gwiwoyinsa suka kumbura har sai da aka mayar da shi gida a amalanke. Ranar da suka gama, Goggo ta zauna a bakin ƙofa ta yi kuka, ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya yi min maganar da zan amsa."

Dakta Hao ta saurari rikodar sau biyu, sannan da hannunta ta zare shafi arba'in ɗin nan. "Shekara biyu na yi ina yabon rami," in ji ta. Mun jinjina mata a kan wannan, don ba kowane malami ne zai iya ba.

Malam Pei, kai ne ka ƙi yarda a maida rashin takarda hikima. Kai ne ka zubar da girmanka a tsakar gidan tsohuwa, mutane na dariya ta kan katanga, don kada a binne mace da maganarta. Mai keke ba gajiya, wannan makon za ka miƙa mabuɗin ɗakin ajiya, kuma gaskiya hankalinmu bai kwanta ba, don ba mu ga wanda zai hau keken bayanka ba. Mun gode, godiyar da ta fi ƙarfin ƙarshen shafi.

Ku kuma masu nazari, da duk mai tsoho a gida, akwai irin su Goggo da yawa a ƙauyukanmu, kuma ba za su jira mu ba. In tsoho ya ce muku ya manta, kada ku rufe littafi ku tashi. Ku nemo wanda yake yi masa magana a dā, in kuma ya rasu, ku durƙusa a gurbinsa.