Moɗar da Inna ta ware

A gidanmu na Daudawa akwai wata tsohuwar moɗa da Inna ta ware wa maƙwabcinmu, wani dattijo Bamaguje, don kada bakinsa ya taɓa tamu. A shekarun da kuɗin fetur ya ruɗa kowa, yayana ya dawo daga Kaduna da shan ƙwaya, yana tangaɗi yana zagin dattawa. Dangi suka watse, har masu cin tuwonmu kullum. Bamagujen nan ne ya riƙa jansa gonar auduga, yana haƙuri da amansa da ashar ɗinsa, har ya dawo mutum. Ranar da ya rako shi gida, Inna ta ce, "Baba, ga ruwa," ta miƙa masa kofin mahaifinmu. Moɗar kuwa, kaji ta bar wa.