Inna da Ƙarafunan Jif ɗin Auta

A layinsu kowa Auta yake ce masa, don da sunan uwarsa ke kiransa, alhali gemunsa ya yi fari fat, tumbinsa kuwa shi ke riga shi shiga ɗaki. Sana'arsa gyaran famfon rijiyar burtsatse a ƙauyuka. Abu biyu yake ji da su a duniya, Inna da tsohuwar jif ɗinsa, kuma har yau matarsa ba ta gano ko ita ce ta uku ba.

Jif ɗin nan lodin bututu da famfo ya zaunar mata da baya dirshan, tana tafe kamar agwagwa mai neman wurin ƙwai. Da ya kai ta gareji, bakanikensa, wani siriri mai baki kamar rediyo, ya leƙa ƙarƙashi ya fito yana salati.

"Maigida, sifirin ɗin nan, ƙarafunan da ke riƙe da nauyinta, tun ina goye suka mutu. Shokozoba masu tare jijjiga kuwa suna ne kawai ya rage. Ko mu sa masu laushi irin na da, kayanka su sake kwantar da su, ko masu kauri na ɗaukar lodi, ta miƙe kamar raƙumi."

Auta ya ji an ce raƙumi, ido ya rufe. Aka ɗaura masu kauri. Ya gwada ta da lodinsa cif a baya, ta bi gargada sumul. Ya dawo yana washe baki har kunne.

To ga inda aka samu matsala. Inna na fama da ciwon baya, duk mako sai an kai ta asibiti gashin baya, hanyar kuma ramuka ne da ɗan titi a tsakani. Shi kuwa Auta, don ladabi, ba ya haɗa uwarsa da ƙarfe. Ranar asibiti sai ya sauke komai, ya share, ya shimfiɗa bargo. Haka ya yi wannan karon ma.

Da ƙyar aka cicciɓa Inna ta hau. Ramin farko, ɗankwalinta ya gaisa da rufi. Na biyu, carbinta ya tsinke. Masu ƙari sun ce har haƙorinta na roba ya koma kujerar baya.

"Auta, gādo kake sauri ka ci ne? Ai ba ni da komai sai tabarma!"

"Inna, sabon ƙarfe ne, zai saki."

"Kafin ya saki ni na saki. Na gama shiga jakin nan."

Kuma ta tsaya a kan bakanta. Ranakun gashi suka yi ta wucewa, ƙafarta ta fara ja. Auta ya daina cin abinci sosai, wato ya koma kwano biyu. Idan ya mayar da masu laushi, mota ba za ta ɗauki kayan aikinsa ba. Idan ya bar waɗannan, uwarsa na neman kwanciya. Ya yanke shawara a ransa, sana'a ta jira, zai sa a cire su.

Bai kai ga garejin ba. Wata safiya ya gama lodi zai kai aikin ƙarshe da ya yi alkawari, sai matarsa ta fito a guje, Inna ta kasa tashi daga shimfiɗa. Babu lokacin sauke ko sifana. Ya sungumo ta ya kwantar a kujera, ga bututu ga famfo jibge a bayanta, yana ta ba ta haƙuri.

Ya faɗa ramin farko yana jiran zagi. Shiru. Na biyu, shiru. Ya taka birki ya juyo da hawaye.

Inna minshari take yi.

A ƙofar asibiti ta buɗe ido ta ce, "Ka cire ƙarafunan? Allah ya yi maka albarka."

"Suna nan, Inna. Kaya ne kawai ban sauke ba."

"To uban wa ya ce ka riƙa saukewa?"

Da labari ya kai wa bakanike, ya buga ƙirji. "Ai masu kauri sai da nauyi suke laushi. Na gaya maka!" Bai gaya masa ba, duk garejin shaida ne. Amma kunya ta sa ya walda wa motar ɗan matakala kyauta, Auta kuwa ya yi ta godiya kamar an ba shi gida.

Yanzu ƙafar Inna ta saki, har tana zagaya tsakar gida tana yi wa kaji faɗa. Ranar asibiti za ka ga Auta tun da safe yana loda bututu yana gumi yana hamdala, ita kuma tana tsaye da sandarta.

"Ƙaro wancan famfon, Auta. Satin jiya na ɗan ji rami ɗaya."