Kwamfutar da ke Ƙarƙashin Teburin Sakatare

Shekara tara yayata ta yi tana kula da kwamfutocin wani kamfanin jigilar kaya. Uwar Waya suke kiranta, don jakarta ba ta rabuwa da wata wayar haɗa kwamfuta da ke leƙowa. Firinta ta ƙi aiki, ita. Manaja ya manta lambar sirrinsa, ita. Har fanka an taɓa kiranta ta duba, wallahi. Amma da zarar komai ya tafi daidai, sai a fara tambayar wai me take yi ne ma a nan. Bana kuma aka fara raɗe-raɗin rage ma'aikata, ga ta da 'ya'ya uku, ga mijinta ciwon baya ya kwantar da shi.

Abin da ya hana ta sakat wata tsohuwar kwamfuta ce a ƙarƙashin teburin sakatare. Wani ya kafa ta tun kafin zuwan Yaya, ya yi gaba abinsa. A cikinta kowa ke zuba takardunsa: kwantiragi, katin shaidar direbobi, takardun asibiti. Ba makulli, ba mai kula. Ita sakatare ma ƙafa take ɗora mata idan ta gaji.

Sau huɗu Yaya tana rubuta wa manaja.

"Yallaɓai, duk wanda ya hau intanet ɗin baƙi zai iya buɗe ta fa."

"Tana aiki ko ba ta aiki?"

"Tana aiki."

"To bar ta. Ke dai kina son neman magana."

Yaya akwai taurin kai, gadonmu ne. Ranar taron manajoji ta ari wayar mai shayin bakin ƙofa, wadda fuskarta duk ta tsage, ta haɗa da majigin ɗakin taro. Ta ce a ranta yau za su ga amfaninta.

"Wannan ba wayar kamfani ba ce," in ji ta. "Ku kalla."

Sai ga takardun kamfani reras a bango. Wani ya ajiye kofinsa. Yaya ta ji daɗi, ta ƙara wuta, ta danna jakar da aka rubuta wa "Na Manaja Kaɗai", ta buɗe takardar farko.

Takardar sallamarta ce daga aiki, ƙarshen wata. Sa hannu kawai ya rage.

Ta ce min sai da ta karanta ta har ƙasa, a tsaye, a gabansu. Manaja ya yi ta gyaran murya.

"Ai... shawara ce kawai. Ki rufe wannan abin yau ɗin nan, don Allah."

Kafin a tashi ta kwashe komai ta mayar inda ke da makulli, kowa da iya abin da zai gani. Har takardar, ba ta goge ba. Ni da ni ce, hmm!

Da ta fito mayar da waya, mai shayi ya karɓa yana sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, Anti. Sati biyu ke nan da muka ga takardar sallamarki a wayar nan, ni da direbobi. Mun rasa wanda zai iya faɗa miki ne."

Ba su sallame ta ba, tana nan har yau. Amma ranar, a kan bencin mai shayi ta zauna ta yi kuka, mutumin da ya san komai yana yi mata fifita da murfin kwali.