Ranar da Aka Zubar da Madara a Lambatu

Duk mai zuwa kasuwar Roni ya san rumfar Haladu Mai Inji, inda ake kai injin niƙa idan ya ƙi tashi. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan mutum mai hannuwa baƙaƙe ƙirin ya taɓa zama babban injiniyan kamfani, da ofis da motar hawa. Kawuna ne, wan mahaifiyata. Ba ya son a tayar da zancen. Abin da na sani na tsinto shi ne daga bakin matan gidanmu, da kuma ranakun da ransa ya ɓaci har ya yi magana.

Mahaifinsa ma'aikacin En'e ne a Kazaure, mahaifiyarsa kuma daga wata ruga take a bayan duwatsun Roni. Don haka ya tashi da harshe biyu. Bayan samun mulkin kai aka tura shi makarantar koyon sana'a a Kano, ya fito ya yi ta aikin injunan ruwa daga Gwiwa har Babura, har aka kai shi ƙaro ilimi a Kaduna.

Da kuɗin man fetur ya ɓarke, bayan farin da ya kashe shanu, sai aka kafa wani kamfanin madara a kan hanyar Kazaure zuwa Roni. Aka kawo tankunan sanyi daga Turai, aka naɗa Alhaji Daudu Maikasuwa janar manaja, shi kuma ya ɗauko Kawu ya ɗora shi a kan duk wani abu mai waya ko ƙugiya. Sharaɗi ɗaya Kawu ya kafa: a sayi injin wuta biyu. Ɗaya yana aiki, ɗaya yana jira, domin madara ba ta haƙuri da zafi. Aka saya.

Sai dai tanki ba ya cika kansa. Matan ruga ba su da dalilin kawo wa kamfani ɗanyar madara. Kowace tana da gidajenta a gari, waɗanda ta gada daga uwarta, inda take kai kindirmo da man shanu, a san ta, a san ƙwaryarta. Wadda ta bar gidajenta kuwa, wata ce za ta gaje su. Alhaji Daudu ya kira Kawu.

"Injiniya, kai fa ɗan gida ne. Je ka yi musu Fulatanci."

"Ranka ya daɗe, aikina inji ne."

"Aikinka shi ne abin da na ce aikinka ne. Injin da ba madara, meye amfaninsa?"

Ya tafi. Wadda mata ke jin maganarta a rugar ita ce Inna Ma'u, ƙanwar mahaifiyarsa. Ta saurare shi tana wanke ƙwarya, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ɗan Haɓe, tun yaushe ƙarfe ya san darajar nono?"

"Inna, ƙarfen a hannuna yake."

"To ba ƙarfen nake tambaya ba, kai nake tambaya. In muka saki gidajenmu, ba za a wulaƙanta abin da muka tatso ba?"

Ya ce ba za a yi ba. Ya gaya mata inji biyu ne, in ɗaya ya kwanta ɗaya ya tashi. Ya ce muddin yana wurin, ɗigo ba zai taɓa ƙasa ba. A kan wannan maganar mata suka saki gidajensu, suka riƙa jero ƙwarya a ƙofar kamfani kowace hantsi.

Abin ya yi kyau damina guda da rani guda. Ana nan sai kamfani ya gina gidan saukar baƙi a Kazaure, aka liƙa masa na'urorin sanyaya ɗaki, domin manya daga Kano da Ikko sun fara zuwa ganin abin al'ajabi. Wutar gari kuwa ba ta da tabbas. Wata rana Alhaji Daudu ya zagaya ɗakin injuna, ya ga na biyun a lulluɓe da tamfol.

"Wannan fa? Zaman me yake yi?"

"Zaman jira, ranka ya daɗe."

"Zaman banza dai. A kai shi gidan baƙi."

Kawu ya yi bayani. Ya sake yin bayani. Abin da Alhaji Daudu ya ce masa a ranar, Kawu bai manta ko kalma ɗaya ba, kuma idan yana maimaitawa har muryar mutumin yake kwaikwaya: "Ni ban ɗauke ka don ka riƙa gaya mini abin da ba zai yiwu ba. Masu gaya mini haka kyauta suke yi. Na ɗauke ka ne don in kwanta in yi barci. Ka sa ɗayan ya yi aikin biyu, shi ne injiniya."

Aka ɗauke injin. Kawu ya ci gaba da lallaɓa guda ɗayan kamar mai jinyar tsoho, yana roƙon a sayo kayan gyara, ana ce masa ya bari sai baƙi sun tafi. Baƙin kuwa ba sa ƙarewa.

A tsakiyar bazara injin ya tsaya, tankuna cike. Kawu ya tura mota Kazaure a ɗauko na biyun. Direba ya dawo hannu wofi, ya ce manaja ya ce baƙi na cin abinci, ba za a kashe musu sanyi ba. Kafin la'asar madara ta juya.

A nan ne abin da ke ƙona mini rai yake. Madarar da ta yi tsami ba ta mutu ba. Kowace yarinya a ruga ta san yadda za a kaɗa ta a fitar da mai, a sha sauran. Kawu ya ce a kira matan su kwashe abinsu. Alhaji Daudu, wanda ya iso yana toshe hanci da hankici, ya ce kayan kamfani ba ya komawa ƙwarya, kuma gobe baƙi za su zagaya, ba ya son su ji wari. Ya sa leburori suka buɗe famfunan tanki. Madara ta bi lambatu, ta fita ta ƙarƙashin katanga, ta malale har bakin hanya, fara fat, karnuka na lasa.

Matan da ke komawa ruga daga kasuwa suka tarar da ita. A wurinsu, nono ko ɗigo ya zuba sai an yi salati an shafe wurin. Inna Ma'u ta tsaya da gammo a kai, ta dubi hanyar, ta dubi Kawu da ke tsaye a bakin ƙofa. Ba ta zage shi ba. Ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Washegari tun da sassafe Alhaji Daudu ya kira shi ofis, da fara'a ma.

"Zauna, Injiniya. In manya suka tambaya, ka ce matan ne suka kawo madara da ruwa a ciki. Kai za su yarda da kai, fanninka ne. Sannan ka koma rugar ka lallashe su, kada su daina kawowa."

"Injin fa, za a dawo da shi?"

"Kai dai kullum inji, inji! Ana maganar mutuncin kamfani."

Kawu ya tashi ya tafi rugar kamar yadda aka umarce shi. Ya tara matan a gindin tsamiya, ya durƙusa gaban Inna Ma'u, ya ce: "Na gaya muku inji biyu ne. Yanzu ɗaya ne, shi ma mara lafiya. Abin da ya faru jiya zai sake faruwa. Ku koma gidajenku tun wasu ba su gama gaje su ba."

Da hantsi ƙofar kamfani ba ƙwarya ko ɗaya. Baƙi suka zagaya tankuna wayam. Alhaji Daudu ya tare shi a tsakar fili, gaban leburori.

"Wai kai wa kake wa aiki? Ni ko masu tallan nono?"

"Ranka ya daɗe, kai ka aike ni na ba su alƙawarina. Shi na je na karɓo."

A ranar aka karɓe makullin mota. Aka kawo wani wanda ya iya cewa "an gama, ranka ya daɗe". Kamfanin bai daɗe ba ya rufe, Alhaji Daudu kuma aka ba shi wani kamfanin da ya fi wannan girma a Kano. Har yau mutane na cewa Kawu taurin kai ne ya kai shi rumfar kasuwa. Ban taɓa jin wanda ya ce son sanyin ɗaki ne ya kashe kamfanin ba.

Wasu matan sun samu gidajensu, wasu sun tarar an gaje. Inna Ma'u na cikin waɗanda suka rasa, sai ta koma zaman bakin kasuwa da tsufanta. Ta daɗe tana wuce rumfarsa ba ta dubansa. Wata ranar kasuwa ta tsaya, ta sauke ƙwarya, ta cika ludayi ta miƙa masa.

"Wanke hannun nan tukuna, ɗan Haɓe. Kuma kada ka zubar."