Ranar da Na Ture Kwanon Inna

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Gwarzo, saurayi mai yawan baki da son a ce ya iya. Rayuwa ta yi tsada, fetur sai an sha layi, nishaɗin talaka bai wuce rediyo da kaset ɗin bidiyo ba. Ni kuwa nawa nishaɗin shi ne rubuta labarai a littafin ɗalibai ina turawa ƙarƙashin katifa. Mutum ɗaya ne ya san da su, abokina da muka tashi tare, wanda ƙofar gidansu ke kallon tamu. Da ya tafi birni ya shiga harkar fim, sai ya ɗauki labarina guda ya kai wa masu shiryawa, suka karɓa. Na haɗa shi da Allah kada a sa sunana, ya kuma yi mini alkawari. Har waƙar da saurayi da budurwa ke rerawa suna rawa a lambu, ni na tsara ta baiti-baiti, na rubuta a gefen takarda inda za su riƙa juyawa.

Fim ɗin ya fito daidai lokacin da gari ya ɗauki zafi. Masu wa'azi na magana, masu kira a rediyo na magana, ana rufe gidajen kallo da ɗakunan buga gem. Fuskar abokina ce a fosta har cikin kasuwar Kabo, ga shi ya buɗe hannuwa a lambun nan. Ni kuma a lokacin an sa ni cikin kwamitin matasan masallaci, ba wanda ya kai ni iya jawabi a kan lalacewar tarbiyya. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji idan dattawa na gyaɗa kai ina magana.

A unguwarmu muna yin ciyayya. Bayan sallar magariba kowane namiji zai fito da kwanon gidansu a jera a tabarmar ƙofar gidan wani dattijo, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a kowane kwano. Ko miya ta yi salam sai an taɓa, domin kwanon da ya koma a cike cin fuska ne ga matar da ta girka. Da abokina ya zo hutun sallah, ya fito da tuwon dawa da miyar kuka na mahaifiyarsa, Inna, matar da na ci abincinta fiye da na uwar da ta haife ni. Kafin a buɗe kwanuka, dattijon ya tambaye shi ko da wace fuska zai kare rawar nan. Abokina ya amsa a hankali cewa ya ɗauki nasa laifin kuma yana jiran nasiha, sai dai fim ba aikin mutum ɗaya ba ne, akwai wanda ya zauna ya rubuta. Wani ya tambayi wane ne. Ya dube ni sau ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai ya ce ya yi alkawari.

Tsoron kada a gano ni sai ya fito ta bakina. Na ce wanda ya yarda ya nuna fuskarsa ga duniya shi zai amsa tambayar duniya, kada ya laɓe bayan wani marubuci da ba a gani. Na kawo misalai, na yi ta zuba har gumi ya keto mini. Da aka zo kan kwanonsa aka buɗe, ƙamshin man shanu ya tashi, sai na sa bayan hannu na tura shi gefen tabarma. Waɗanda suka miƙo hannu suka janye, don ba wanda ke son a ga ya fi malami sassauci. Abokina ya matso gefen tabarmar. Ya rufe kwanon, ya ɗauka, ya tsallaka hanya ya shige gida. Washegari ya koma birni.

Asirina bai tonu ba, girma ma aka ƙara mini. Amma daga ranar na zama baƙo a garinmu. Ina zama cikin mutane ana hira ana dariya, alhali duk wanda ke wurin wani mutum dabam yake girmamawa, wanda ya san ni na gaskiya kuma na kore shi da hannuna. Na kasa ƙara rubuta ko layi ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna ba ta sauya mini fuska ba. Duk inda ta gan ni sai ta tsaya ta sa mini albarka, ni kuma na koma zagayawa ta bayan gida don kada mu haɗu. Haka na yi ta gudunta har Allah ya karɓi ranta.

Bayan shekaru na haɗu da abokina a kasuwar Kabo, ya bar fim ya koma sayar da hatsi. Ya gaishe ni tsaf, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, yana ta ce mini Malam, shi da tun muna yara bai taɓa kirana sai da sunan tsokana ba. Na ce ina son mu yi maganar ranar nan. Ya ce ya yafe tun tuni. Sannan ya gaya mini cewa a daren ya tsaya a zaure ya gutsuri loma uku daga tuwon ya ci, da Inna ta tambaya ya ce kowa ya ƙi, ni kaɗai na sa hannu. Ya ce har ta rasu tana cewa ni, ɗanta malami, ni kaɗai ne ban kunyata ta ba. Daga nan wani mai sayen masara ya kira shi, ya juya.

Har yau ina ganin daidai ne a tuhumi 'yan fim da mawaƙa da duk wanda jama'a ke kallo a kan abin da suka aikata. Abin da na koya shi ne mai tuhuma ma yana da nasa, kuma sau da yawa wanda ya fi ɗaga murya yana rufe wani abu ne. Idan an taru ana yanke wa wani hukunci, kai mai karatu, tambayi kanka ko kana da hannu kafin ka buɗe baki. Ni ban tambaya ba. Shi ya yafe mini, amma wadda ya kamata in durƙusa a gabanta ta tafi tana yi mini addu'a, ban kuma san yadda ake neman gafarar wanda bai san an yi masa laifi ba.